Sanyin Ɗakin Jira

A ɗakin jiran wani asibiti, wata malamar makaranta ta zauna kusa da wani dattijo, tana ta kallon sama.

"Baba, wai babu wuta, amma ɗakin nan da sanyi haka?"

"Lallai ke baƙuwa ce! Farin fenti suka shafa wa kwanon rufin, suka fasa tagogi can sama, zafi ya samu hanyar fita. A kan idona aka yi."

"Shi ke nan? Kai! Ni da ɗalibata ta suma a aji yau saboda zafi! Ita na kawo, tana ciki ana ƙara mata ruwa."

"Allah ya ba ta lafiya. Ku gwada, 'yata, za ki ba da labari."

"Wallahi gobe zan tara iyayen yara! Muna da tsani, masu hawa ma ba za a rasa ba. Kai fa, Baba, me ke damunka?"

Dattijon ya rage murya. "Lafiyata ƙalau. Sanyi nake zuwa sha, gidana kamar murhu."

Malamar ta fashe da dariya.

"Yi dariyarki. Amma in kun gama, ki ajiye mini benci a bayan aji. Ma'aikatan nan sun fara gane ni."