Makullin Ɗakin Baba Labule

Da sunan Allah nake farawa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Ranka ya daɗe mai unguwa. Allah ya gafarta malam liman. Shugaban makarantar firamare da ya ara mana wannan zaure har da kujerunsa, shugaban masu fenti da sauran abokan sana'ar marigayi, Inna, mai ɗakinsa kuma uwarmu, Yaya Babba, ɗansa na fari, da ƙannensa, iyayen yara, sai ku 'yan wasa da kuka cika tabarmar gaba: assalamu alaikum.

Tun da aka ce ni zan yi magana na ga wasu suna lalluba kujerunsu, ko na ajiye musu wani abu. Ku kwantar da hankalinku, yau babu kwaɗo a aljihuna. Allo kaɗai na yi, ban iya jawabi irin na 'yan boko ba. Yara ne suka ce ni na fi kowa daɗewa a tsaye kusa da shi, don haka ni zan faɗa a madadinmu.

Ya kasance mutum mai shago biyu a ƙofa ɗaya. A gaba yana rubuta wa mai aski da mai ɗinki allunan shagunansu. A baya kuwa akwai ɗaki mai taga ɗaya, wanda in ka shiga da la'asar za ka tarar rana ta zubo ta kwanta a kan kogi. Kogin na fenti ne, a jikin tsohon zanin gado, amma mun sha cire takalma kafin mu matsa kusa da shi. Akwai daji a bango, akwai gari guda a naɗe bayan ƙofa, akwai gajimaren auduga yana lilo a zare. A nan ya koya mana wasan kwaikwayo da waƙa. Duk yaron da ya zo, ko ɗan wane ne, da jan igiyar labule zai fara. Shi ya sa muka sa masa Baba Labule, har sunan ya bi shi kasuwa.

Ya kasance mai rabon aiki a baibai. Matsoracin cikinmu shi ya ba zaki. 'Yar direban nan mai in'ina, wadda kafin ta gama sallama ka amsa ka tafi, ita ya ba babbar waƙa. Ubanta ya zo shago a fusace, yana cewa so ake a mai da 'yarsa abin dariya. Baba bai ajiye buroshi ba, ya ce masa ya zo ranar wasa ya zauna a gaba, in an yi dariya ya ɗauke 'yarsa. Ranar wasan, da ta buɗe baki, waƙa ta fito tamkar ruwa daga tulu, ko tuntuɓe babu. Direba ya cire hula ya rufe fuska da ita. Ga shi can zaune, in ƙarya nake ya tashi.

Ni kuwa ranar da aka ba ni labule, sai na ɗaure igiyar a ƙafar kujerarsa. Ina ja, labule bai motsa ba, Baba ne ya tafi ƙasa da gwangwanin shuɗin fenti a cinya. Ya tashi ya dube ni, ya ce yana da aikin da ya dace da ni. Na kwana ina ganin kaina da rawanin sarki. Washegari ya miƙa mini rassa biyu na kwali.

Ya ce, "Kai bishiya ne. Bishiya ba ta magana, ba ta dariya, ba ta tsokanar mai wucewa. Ji kawai take."

Shekara biyu, jama'a. An yi sarakuna, an yi 'yan fashi, har akuya ta samu magana, ni ina tsaye hannu a sama. Kakata ta zo kallo ta tafi gida tana cewa ba ta gan ni ba, Baba ya ce wannan ne yabo mafi girma.

Ya kasance ba ya rubuta wasanninsa, shi da rubutu ne sana'arsa. Ya ce takarda tana sa yaro sunkuyar da kai, shi kuma so yake mu ɗaga. Shi zai biya wa kowa nasa da baki, kamar yadda malam ke biya karatu, har sai ya zauna masa a ka. Ƙarshen wasa kuma ba ya faɗa wa kowa sai saura mako guda, don kada mu yi wasan kamar waɗanda suka san inda za su. Wata rana shi kansa ya manta wani baiti, sai baitin ya fito daga bakin bishiya. Ya juyo yana murmushi ya ce ashe bishiya ta yi hadda. Sai a lokacin na gane abin da ya dasa ni in yi.

Wasan da muke kai lokacin da ciwo ya kwantar da shi, na wasu yara ne da suka shiga kwalekwale suna neman inda ruwan sama yake kwana idan ba ya sauka. Kowa ya karɓi nasa. Sararin sama yana jingine a bango, rabi shuɗi, rabi farin zane. Kwana tara ya yi a kwance, ya tafi bai ba mu ƙarshen ba. Yaran kwalekwalen har yau suna tsakiyar kogi.

Yaya Babba, yanzu da kai nake. Mun ji za a kwashe ɗakin a ba wani. Ba mu ga laifinka ba: rufin yana yoyo, nauyin gida ya dawo wuyanka, ɗakin kuma naku ne. Mun kuma ji mako uku kana neman makulli, an ce ka fasa kwaɗon, ka ce ba za ka fasa ƙofar mahaifinka ba. To, ba ɓacewa ya yi ba. Ni na zare shi daga ƙusa. Duk tsokanar da na yi a duniya dariya nake bayanta, wannan ce kaɗai ta hana ni sukuni.

Jiya da hantsi na kai wa Inna. Na tarar da ita a tsakar gida tana wanke buroshinsa ɗaya bayan ɗaya, tana jerawa a rana kamar gobe zai nema. Ko kallon makullin ba ta yi ba.

Ta ce, "Ja'iri. Ka ɗauka ban ga hannunka ba?"

Sai ta ci gaba da wanki tana rera wata waƙa ƙasa-ƙasa, wadda ban taɓa ji ba, amma muryar ta wasanmu ce. Na tambaye ta. Ta ce shekara talatin, duk ƙarshen da muke jira, ita ake fara rera wa a bakin wannan bokitin. Wannan ma ya rera mata, har a gadon asibiti. Inna ta san inda ruwan sama yake kwana. Ni ma yanzu na sani, kuma ba zan faɗa ba sai saura mako guda.

Ta ce makulli ba ita zan ba ba, in kai wa mai shi a gaban mutane. Ta kuma gaya mini abin da ba mu sani ba. Rassan kwalin nan da na riƙe shekara biyu, ba don ni aka yanka su ba. An yanka su ne daidai hannun wani yaro mai ƙiriniya, tun ƙungiyar ba ta wuce yara huɗu ba. Yaya, ashe kai ne bishiya ta farko.

Ga makullin, na ajiye a gabanka. Ba mu ce har abada ba. Ka bar mana ɗakin mu gama fentin saman nan, mu kai yaran kwalekwale gaɓa. Rufin mu za mu hau mu toshe, kuma na yi alkawari ba zan janye wa kowa tsani ba.

Jama'a, ku shaida. Bai ce komai ba, ya turo mini shi da yatsa. Haka bishiya take amsawa.

Mun gode, Yaya. Mun gode, Inna, da kika ara mana shi shekara da shekaru yana dawo miki da fenti a riga. Mun gode wa iyayen da suka yarda da mu, da duk wanda ya taka ƙafa ya zo.

Allah ya jiƙan Baba Labule, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya faɗaɗa masa shi. Kamar yadda ya zana mana koguna da lambuna a ɗaki mai taga ɗaya, Allah ya saukar da shi a na gaskiya. Ya ba iyalinsa haƙuri, ya raya yaran nan, mu kuma in tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Amin.