Kafin a Ba Malam Haladu Ɗakin Baƙi

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban jama'armu ta unguwar Hindawiyya, Alhaji Na'ibi, malamanmu, dattawan unguwar Sa'alaba da suka tako da ƙafa, iyayenmu mata da ke bayan labule, waɗanda suka fi mu jin abin da ake faɗa: ina gaishe ku baki ɗaya. Na gode da aka ba tsoho dama, ko da yake an roƙe ni in taƙaita.

Malam Haladu, baƙonmu da ya zo daga Najeriya bana, yana neman ɗakin da muke saukar da alhazai don ya koya wa 'ya'yanmu Turanci, kyauta. Na ce kyauta. Amma abu biyu ne ke damuna.

Na farko, ya same ni har gida, ya ce, "Baba, kada ka ji tsoro, Turancin nan da Larabci a cikinsa. Abin da suke kira shuga, sukkar ne. Kofi kuma gahawa ne. Kotin, wato auduga, gutun ne." Ban ƙaryata shi ba, mai ilimi ne. Amma ku duba da kyau: sukari, gahawa, auduga. Duk kaya ne da ake lodawa a jirgi. Ni da hannun nan na tsinci auduga a Sudan, lokacin da muke neman guzurin ƙarasowa nan ƙasa mai tsarki. Aka tafi da ita, aka tafi da sunanta, ta dawo mana yadi, wanda ni mai tsinta ban iya saya ba.

Na biyu, na tambaye shi wa ya ba shi allo da littattafai sababbi fil. Ya ce, "Wani kamfani ne." Na ce wanne? Ya ce, "Baba, shayinka zai huce."

Jama'a, ɗan Rahamatu ma wani kamfani ne ya koya masa Turanci, ya kai shi gabas wajen rijiyoyin mai. Tana bayan labulen nan, ku tambaye ta yaushe rabonta da shi.

Ban hana karatu ba, ban hana ba. Amma ga Malam a zaune. Ya miƙe ya faɗi sunan kamfanin, da abin da suke so da yaranmu. In ya faɗa, mu duba. In bai faɗa ba, halas, magana ta ƙare, ɗaki na alhazai ne.

Allah ya tsare mana zuriya, ya mayar wa Rahamatu da ɗanta, ya tashe mu lafiya. Malam, bismilla, muna saurare. Na gode.