Ƙyauren Mairama

A tashar lori ta Rufa'a, Iya Fatsuma ta gaji da kallon wani dattijo rungume da sabon ƙyaure.

"Malam, ina za ka da shi?"

"Gida, Iya. Matata Mairama na saka. Alƙali ya ce duk abin da ta saya da kuɗin cirar auduga nata ne, sai ta ɓalle ƙyauren ɗakin."

"Ta tafi da shi?"

"Ina! Tana ciki tana idda. Ta koma ta yi ƙarata, wai na ajiye ta a ɗaki babu ƙyaure. Alƙali ya ce muhallinta a wuyana yake. Hayar ƙyaurenta nake biya in rufe mata ɗaki, kuɗi girshi goma duk Juma'a. Na gaji, na sayo nawa."

"Yaushe iddar za ta cika?"

"Jibi."

"Don kwana biyu ka sayi ƙyaure?"

"Ai gobe zan mayar da ita."

"To, amfanin me zai yi maka?"

Dattijon ya shafa katakon. "Da sauran igiya biyu, Iya. Gaba ba za a same ni babu shiri ba."