Kaset Mai Mantuwa

YAYA: Salamu alaikum. Auta? Kana ji na?

AUTA: Wa alaikumus salam. Yaya! Ina wuni?

YAYA: Lafiya lau. Ya aiki? Ya shagon?

AUTA: Alhamdu lillahi. Ya gida, ya yara? Ya jikin maigidan?

YAYA: Da sauƙi. Ya amarya? Ƙafar ta daina kumburin?

AUTA: Wace amarya kuma, ciki ya kai haɓa? Tana nan, tana gaishe ki.

YAYA: Ina amsawa. Allah ya raba lafiya. Ka leƙa Mama kuwa?

AUTA: Na leƙa jiya. Ta ce kin daina kiranta.

YAYA: In na kira ta sai ta tambaye ni jikinsa, in na ce da sauƙi ta ce muryata ba ta ce haka ba. Ni kuma... Wai wace ƙara ce wannan a bayanka?

AUTA: Injin maƙwabcina ne, mai walda. Bari in shiga ciki. To, ina jin ki. Yaya, da sauƙin gaske ko da sauƙin gaisuwa?

YAYA: Ƙafar dai da sauƙin gaske, yana zuwa banɗaki da sanda. Hannun dama ne har yanzu. Maganar kuma, ka san yadda shanyewar ɓarin jiki take, kalma ɗaya sai ya yi ta kokawa da ita. Mai gashin ƙashi ta ce a samo masa abin da zai riƙa motsa yatsu da son ransa, ba wannan ƙwallon robar da yake jefarwa ƙarƙashin gado ba. Shi ne na tuna da injin gem ɗinsa.

AUTA: Na tsohon shagonsa? Yana nan?

YAYA: Ɗaya ya rage, mai ruwan toka, a saman kwaba cikin zanin gado. Da ya rufe shagon ya sayar da sauran, wannan ya hana. Na sauko da shi na goge. Hannu ɗaya ya mutu, ɗayan yana yi.

AUTA: Ai na sani, na damar ne.

YAYA: Hannun gem nake nufi, kai! Abin dannawa!

AUTA: Au! Yi haƙuri, layin ne. To kaset fa?

YAYA: Duk sun yi tsatsa. Na hura, na goge da auduga, sai zane-zane a talabijin. Shi ne na duba a waya na ga wani irin kaset da ake sa wa memori irin na waya, kaset ɗaya amma wasanni rututu. Na saya.

AUTA: Kika saya ba ki tambaye ni ba? Wanne?

YAYA: Wani ja, mai hoton tauraro. Shi ne mai araha.

AUTA: Innalillahi. Ja.

YAYA: Kada ka fara. Ya yi aiki fa! Auta, da ka gan shi ran da na kunna. Kiɗan nan na tashi ya ɗago kai. Ya sa hannun gem ɗin a cinya, ya ɗora hannunsa na dama a kai da na hagu, kamar mai kwantar da jariri. Babban yatsan da ba ya motsi, na ga ya motsa. Wasan nan na mai yawo a gari yana tara makullai, kullum bayan azahar yana kai. Har dariya ya yi da ya faɗa rami. Tun da muka dawo daga asibiti ban ji dariyarsa ba.

AUTA: Allahu akbar. To me ya faru?

YAYA: Ya yi nisa, ya kai wani gida mai ƙofofi. Aka kashe. Washegari aka kunna, babu komai. Ya koma farko, babu makulli ko ɗaya. Ya sake, ya sake kaiwa, aka kashe, ya sake gogewa. A na ukun ya ture hannun ya faɗi ƙasa, yana nuna injin yana cewa bari, bari. Na naɗe kayan na mayar saman kwaba. Tun ranar ko kallona ba ya son yi.

AUTA: Kin yi wa mai sayarwar magana?

YAYA: Wai! Nan ne zancen. Na rubuta masa, kafin in ajiye waya amsa ta zo: mun gode da haƙurinki, abokiyar ciniki mai daraja. Na yi bayani dalla-dalla. Mun gode da haƙurinki. Na ce mijina ba shi da lafiya, wannan abin ne yake motsa masa hannu. Mun gode da...

AUTA: Ba mutum ba ne, na'ura ce take amsa miki.

YAYA: Daga baya mutum ya zo, ai gara na'urar. Ya ce in turo bidiyo, na tura. Ya ce talabijin ɗina ce. Na ce talabijin ce take goge makullai? Ya ce to memorin ne. Na ce wanda kuka haɗo da shi ne. Ya sauka daga layi. Yau da safe ya dawo, wai in na cire ƙorafin da na rubuta a shafinsu na ba su taurari biyar, zai rage mini kuɗin wani sabo.

AUTA: Wani jan?

YAYA: Wani jan. Shi ya sa na kira ka. In karɓa?

AUTA: A'a. Tsaya in... Yaya? Halo?

YAYA: Ina ji, ka ɗauke ne. Ka ce me?

AUTA: Na ce a'a. Bari in shimfiɗa miki su, don duk sun biyo ta hannuna, masu son tsofaffin gem suna kawo mini gyara. Iri uku ne ake yawan gani. Jan nan kwaikwayo ne. Wani ya ƙera nasa, su suka kwafa suka rage kaya. Wasa zai yi, amma ajiyar inda mutum ya tsaya sai an yi sa'a. Kuma masu sayar da shi ba su san cikinsa ba, kwali suke ɗauka su miƙa.

YAYA: Na biyun fa?

AUTA: Baƙi ne, na wani babban kanti. Mai kyau ne, ba ya daskarewa. Mutanen kantin kuma ba su da gardama, kika ce ya lalace za su canza miki ba tambaya. Sai dai ba su san komai ba su ma. Kika tambaye su dalili, sai su sake turo miki wani.

YAYA: Ai ni hakan ma ya ishe ni.

AUTA: Akwai sharaɗi. Kafin a kashe injin sai an danna wani ɗan maɓalli a jikinsa, a jira ya koma jerin wasanni, sannan ya rubuta ajiyar a memori. Aka manta, ko wuta ta ɗauke, ta tafi.

YAYA: Maɓallin a jikin injin yake, ba a hannu ba?

AUTA: A jikin injin.

YAYA: Injin yana ƙasan talabijin. Shi yana kujera. Kenan duk sanda ya gama sai ya kira ni in zo in danna masa.

AUTA: Sai ya kira ki.

YAYA: Mutumin da in zai sha ruwa sai ya kira ni, in zai sa riga sai ya kira ni. Abu ɗaya da ya samu nasa na kansa, shi ma... A'a. Faɗi na ukun.

AUTA: Na ukun fari ne, kana ganin cikinsa ta roba. Shi nan take yake ajiyewa, ko wuta ta ɗauke. Rubutun jerin ma manya ne. Amma da tsada, ba zan ɓoye miki ba. Mutum ɗaya ne yake haɗa su a ɗakin aikinsa, shi yake sayarwa, shi yake amsa saƙo.

YAYA: Yana amsawa da wuri?

AUTA: Ina! Sai ya kwana biyu. Kuma ba ya gaisuwa, ba abokiyar ciniki mai daraja. Amma yana karanta abin da ka rubuta har ƙarshe. Akwai wani direba da na taɓa tambayar masa, na faɗi wasannin da yake so. Mutumin ya ce kada ya sayi nasa, wasannin nan ba sa bukatar ajiya, ya nemi mai araha. Ciniki ya zo masa har gida ya kore shi.

YAYA: Ikon Allah. Ni kuwa da na ga amsa ta zo da sauri sai na ji daɗi, na ce waɗannan sun san darajar mutane. Ashe saurin ba ji ba ne.

AUTA: Haka abin yake. Ni yanzu kafin in sayi kaya sai in fara tura tambaya in ga wa zai amsa abin da na tambaya.

YAYA: To amma Auta, tsorona ɗaya. In na kawo farin ya ƙi taɓawa fa? Ya ce bari. Wataƙila na tuna masa da shagon ne, da lokacin da yara suke layi a ƙofarsa yana gyara hannu huɗu a zama ɗaya. Wataƙila ciwo na ƙara masa ina ganin... Tsaya. Na'am? Ina zuwa! Auta ne. Auta, ya fito falo, yana miƙo hannu wai in ba shi wayar. Ka yi masa a hankali, kada ka katse shi.

AUTA: To.

MAIGIDAN: Au...ta.

AUTA: Na'am, Yaya babba. Ina wuni? Ya ƙarfin jiki?

MAIGIDAN: Lau. Kaset... ja.

AUTA: Ina ji.

MAIGIDAN: Ba... ba... tir.

AUTA: Batir?

MAIGIDAN: Batir! Ciki. Ƙa... rami.

AUTA: Ɗan batir mai kamar kwabo, wanda yake riƙe ajiya? Ya mutu?

MAIGIDAN: Ya mutu. Na faɗa. Ta... ɗauke.

AUTA: Yaya, kina kusa? Sa a lasifika. Ba bari yake cewa ba. Batir yake cewa. Akwai batir a cikin kaset ɗin, tsoho suka sa, shi ya sa yake mantuwa.

YAYA: Batir? Wayyo Allah. Baban yara, batir kake ce mini? Ni kuwa na naɗe kayan na kai inda hannunka ba ya kaiwa. Ka yi ta nuna saman kwaba, ni ina cewa na sani, ba zan sake sauko da shi ba.

MAIGIDAN: Kin... ji... yanzu.

YAYA: Na ji. Wallahi na ji. Ka yi haƙuri.

AUTA: To kun ga, in batir ne kawai, gobe in zo da sabo da abin liƙi, minti kaɗan na...

MAIGIDAN: A'a.

AUTA: A'a?

MAIGIDAN: Kawo. Ni... zan sa. Kai... riƙe.

AUTA: Ni in riƙe, kai ka liƙa. To, shi ke nan. Amma fa ko an canza, jan nan ba abin dogaro ba ne, zai iya sake yi.

MAIGIDAN: Na ji... duka. Fari.

YAYA: Kana jin mu ashe tun ɗazu? Farin kake so? To bari in sa Auta ya yi wa mutumin magana ya...

MAIGIDAN: Ni.

YAYA: Kai za ka rubuta masa? Da wane hannun?

MAIGIDAN: Hagu. Akwai... tambaya. Ku... ba ku... sani ba.

AUTA: Gaskiya ne, shi ya san injin nan ciki da waje. Sai dai Yaya babba, na faɗa maka, mutumin yana daɗewa bai amsa ba.

MAIGIDAN: Ni ma.

YAYA: Kai, Baban yara! Auta, ka ji shi? Dariya yake yi fa, har sandar ta faɗi. Tsaya in ɗauko kujera in hau in sauko da... A'a, zauna, ni zan hau! Auta, mai taurarin nan me zan ce masa?

AUTA: Kada ki cire komai. Ki ƙara a ƙasa cewa batirin matacce ne, don na bayanki su sani.

YAYA: Zan ƙara. Turo lambar mai farin yanzun nan, ga shi ya karɓe wayar yana neman wajen rubutu. Kuma gobe in za ka zo ka biya ka ɗauko Mama, ka ce mata na ce da sauƙi, ta zo ta ga... Wai, katin wayata ya kusa ƙarewa, matar layin nan ta fara magana. Ka ji, ka taho da ƙaramin sukundireba mai...

AUTA: Mai me? Yaya? Mai tauraro ko mai baki ɗaya? Halo? Yaya?