Tsarabar Maraɗi da ta kwantar da Inna

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne daga Turba. Na kawo wa mahaifiyata tsarabar maganin mura daga Maraɗi, rubutun kwalin duk Faransanci. Dama kullum tana shan farasitamol saboda ciwon gwiwa. Da bakina na ce, “Inna, haɗa su ki sha.” Bayan kwanaki sai amai, idanunta suka koma ruwan ɗorawa. Likita ya ce maganin murar ma da farasitamol a ciki, ya yi mata yawa har ya taɓa hanta. Jama'a, ku riƙa tambaya kafin ku haɗa magani! Gobe za ni asibiti dubiya, kuma har yau tana sa mani albarka kan tsarabar nan. Malam, in gaya mata gaskiya ko in yi shiru?