Bari In Ƙara Goma

A bencin jira na wani asibiti a Bukuru, wata dattijuwa ta taɓa matar da ke gefenta.

"Madam, lafiya? Tun ɗazu idonki a rufe."

"Numfashi nake ƙirgawa, Mama. Wata nas ta koya min. In ja a hankali, in saki, hankalina ya tsaya waje ɗaya."

"Wa kika kawo?"

"Maigidana, Arinze. Wata uku ana masa wankin ƙoda."

"To ki bar wannan ƙirge-ƙirge, ki shiga wajensa mana!"

"Ya rasu da safen nan, Mama."

"Innalillahi! Shi ne kike zaune?"

"In na daina, dole in kira uwarsa in faɗa mata. Bari in ƙara goma."