Yatsun Hagu

A ɗakin jiran jirgin ruwa na garin Bodø, Ragnhild ta jingine jitarta tana kankare fenti daga farcenta. Wani dattijo mai rigar masunta ya zuba mata ido.

"'Yata, waƙa kike yi ko zane?"

"Duka biyun, Baba. Har labarai nake rubutawa."

"Uku! Shi ya sa ban taɓa jin sunanki ba."

"Za ka ji shi. Yau a zauren taron tsibirin da jirgin nan zai je zan yi waƙa, zanena na bango, littafina na bakin ƙofa. Ni sai na zana waƙa nake iya rera ta. Wadda ta ƙi zanuwa ita ke zama labari."

"Shirme! Ki kama ɗaya. Ina kamarki na rataye goge na shiga kamun kifi. Shekara arba'in ban waiwaya ba."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya."

Jirgi ya yi ƙara. Ta saɓa jitarta.

"To, ka gaya wa yatsun hagunka. Tun da ka zauna suke motsi a gwiwarka kamar suna danna tsirkiyar goge."

Dattijon ya cusa hannun a aljihu.

"Ƙarfe nawa za ki fara?"